Ƙwallon kurket ta sami ɗana a kai, sun ce ba komai

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 yana wasan kurket (wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da katako) a makarantar kwana. Jiya ƙwallo ta same shi a gefen kai. Malamin wasanni ya zuba masa ruwa, ya ce ai 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai ƙwallon ƙafa ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wacce ta fi gudu da haɗari?

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Ƙwallon ƙafa ta fi nauyi, giram 410 zuwa 450, amma iska ce a cikinta, tana lotsawa idan ta daki mutum. A bugun fenareti tazarar mita 11 ce, ƙwararren ɗan wasa kan zabga ta da gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Ta kurket kuwa nauyinta wajen giram 160 ne, curarriya ce da aka naɗe da fata, tauri kamar dutse. A 2003 Shoaib Akhtar na Pakistan ya jefa ta da gudun kilomita 161.3 a awa, tsakanin mai jifa da mai duka kuma wajen mita 20 ne, ko rabin daƙiƙa ba ta yi a hanya. Yara ba sa kai wannan gudun, amma ƙashin gefen kai siriri ne, jijiyar jini kuma na kwance a ƙarƙashinsa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganar nan ta "ai ya tashi da ƙafarsa". Kullum sai na ji ta. A zuba ruwa, a murza man zafi, wani ma a kai shi gun mai ɗori, kamar ana ɗora ƙwaƙwalwa! Jini kan taru cikin ƙoƙon kai a hankali, yaro na hira yana dariya, bayan 'yan awanni ya kife. Raman Lamba, ɗan wasan kurket na Indiya, da ƙafarsa ya bar fili a Dhaka a 1998 bayan ƙwallo ta same shi a gefen kai, kwana uku tsakani ya rasu. Phillip Hughes na Ostireliya da hular kwano a kansa ƙwallon kurket ta same shi a wuya a 2014, bai tashi ba.

Don Allah ki je makarantar yau, likita ya duba shi. In akwai amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ruɗewa ko jijjiga, ku wuce asibitin da ake hoton ƙwaƙwalwa kai tsaye. Kada a ba shi asfirin, tana ƙara zubar jini. Kada ya koma fili sai likita ya amince.