Amsa ga Hajiya kan hirar liyafar dare

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari saƙonki inda kika ce maigida ya gayyato abokan aikinsa cin abincin dare, akwai mutanen Yamai da na Kano da kuma wani baƙo Bature, kina tambayar irin hirar da za a yi don kada zaman ya yi tsit, kada kuma ya faɗa cikin gardamar siyasa.

Abu na farko, kada shirun da za a yi a kan akushi ya dame ki, domin a tarbiyyarmu ba a cika surutu ana cin abinci ba, kuma baƙonku na waje zai lura da hakan ya bi sahu. Lokacin hira shi ne bayan an wanke hannu, an ɗora butar shayi a kan gawayi. Shayin nan zubi uku ne, daga na farko mai ɗaci zuwa na ukun da zaƙi ya rinjaya, kuma jiran da ake yi tsakanin zubi da zubi ya isa a buɗe zance a rufe shi ba tare da gaggawa ba.

A ganina abincin da kika ajiye shi zai fara ba ki abin faɗa. Idan akwai kilishi a faranti, ki bar wani ya bayyana wa baƙon yadda ake feɗe jan nama ya zama falle-falle, a shanya shi a rana, a tsoma shi cikin labu na gyaɗa da kayan yaji da albasa, a sake shanyawa, sannan a gasa a kan wuta. Da zarar an ambaci sunan Madawa, garin Nijar da ya yi suna wajen kilishi, na tabbata mutumin Kano ba zai yi shiru ba, zai ce nasu ya fi, kuma wannan gardama ce mai daɗi wadda ba ta ɓata zumunci. Haka albasar Galmi, wadda ake lodinta a manyan motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa, da dambun zogale, da furar hatsi. Ki kuma tuna musu da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna wajen masu jima da dukanci har a ƙasashen Turai. Mutane da yawa suna cin namanta ba su san darajar fatar ba.

Daga nan sai kokowa, kuma a nan ne nake so ki daɗe, domin ban san wani zance da yake haɗa babba da yaro, ɗan boko da ɗan kasuwa a ƙasar nan ta Nijar kamarta ba. An fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a Tawa a shekarar 1975, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu. Yanzu jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokowa goma. Ki tambayi mutanen Yamai wane karo ne ba za su taɓa mantawa da shi ba, ki tambayi na Kano yadda dambe ya bambanta da kokowa wajen kirari da kiɗa da shigowar ɗan wasa fage. Baƙon kuwa a yi masa bayanin cewa ba sai bayan mutum ya taɓa ƙasa ba ne kawai ake cewa an yi kaye. Wannan kaɗai zai jawo tambayoyin da za su kai ku zubi na biyu.

Waƙa da fim suna da sauƙi, amma suna son kula. Dattawa za su so a ambaci Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, matasa kuma hankalinsu yana kan finafinan Kano da shirye-shiryen Arewa24. Akwai abin da nake jin takaicin yadda muke mantawa da shi: a 1972 ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, ya fara karɓar babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Ya kamata a faɗi wannan a gaban baƙi. Bature kuma mai yiwuwa ya san jitar Bombino na Agadas fiye da yadda wasunmu suka san ta, don haka a ba shi dama ya faɗi inda ya fara jin ta. Abin da zan roƙa shi ne a tsaya kan aikin mawaƙi ko ɗan fim, a bar zancen aurensa da sakinsa da abin da aka yaɗa a kansa a TikTok, saboda daga nan hira take komawa gulma.

Idan akwai Bagobiri da Bazabarme a zaman, ko Bafulatani da Babarbare, wasan taubasantaka zai taso da kansa. Al'ada ce da UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar, sai dai ki sa maigida ya yi wa baƙon bayani tun kafin a fara, don kada ya ɗauka faɗa ake yi.

Aikinku ke da maigida shi ne jefa tambaya da lura da wanda bai samu bakin magana ba. Idan wani ya karkata zuwa siyasa ko tsadar kaya, kada a katse shi a gaban mutane, a bari ya kai aya, sannan a miƙa masa kofi a tambaye shi yadda ake haɗa shayi a garinsu. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya. Wassalamu alaikum.