Wane Bugu Ne Na Gaskiya a Waƙoƙin Wilfred Owen?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin adabin Ingilishi ne a Zariya. Na lura cewa wasu baitocin Wilfred Owen, marubucin waƙoƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun saɓa tsakanin bugu biyu da ke hannuna. Wanne ne daidai, kuma ina ainihin rubutun hannunsa yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Asalin saɓanin da ka gani shi ne Owen bai rayu ya tace waƙoƙinsa da kansa ba. An kashe shi ranar 4 ga Nuwamban 1918 a gaɓar mashigin ruwa na Sambre-Oise da ke arewacin Faransa, yana da shekara 25, saura mako guda a tsagaita wuta, kuma waƙoƙi 5 kacal aka buga masa yana raye. Sauran ya bar su ne a tarin takardu, wata waƙar an kwafe ta sau da yawa, an soke kalma an rubuta wata a samanta, wani lokaci ma an bar biyun ba tare da an zaɓi ɗaya ba.

Saboda haka kowane edita sai da ya yanke hukunci. Siegfried Sassoon da Edith Sitwell sun fitar da waƙoƙi 23 a 1920, Edmund Blunden ya faɗaɗa su a 1931, Cecil Day-Lewis ya sake aikin a 1963. A ganina bugun Jon Stallworthy na 1983 ya fi cancanta ka dogara da shi, domin ya kawo kowace waƙa tare da kwafe-kwafenta, har yakan ɗaga takarda a haske ya duba tambarin masana'antar da ke ɓoye a jikinta don ya gano lokacin da aka yi rubutun.

Takardun kuwa a warwatse suke. Akwai na waƙoƙi a Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan, akwai tarin da iyalinsa suka ba Jami'ar Oxford, yawancin wasiƙunsa kuma suna Cibiyar Harry Ransom a Jami'ar Texas ta Amurka. A wasu shafukan za ka ga gyaran Sassoon da fensir a kan rubutun Owen, tun zamansu tare a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh a 1917, inda Owen ke jinyar firgitar fagen fama.

Sai dai kada ka ɗauka abin da ya iso gare mu cikakke ne. Mahaifiyarsa Susan ta ƙone buhu guda na takardunsa, bisa wasiyyar da aka ce shi ya bar mata. Ƙanensa Harold kuma, wanda ya riƙe takardun shekaru masu yawa, ya sa almakashi da baƙar tawada a wasiƙun kafin a buga su a 1967, ya yanke ko ya shafe wuraren da yake ganin za su zubar da mutuncin gida. Ana iya yi masa uzuri da kishin ɗan'uwa, amma ɓarnar da ya yi wa masu bincike ba ta gyaruwa.

Ba sai ka je Ingila ba. Tun 2008 Jami'ar Oxford ta ɗora hotunan rubuce-rubucen a rumbunta na intanet kan waƙoƙin wannan yaƙi. Ka buɗe baitin da ya ɗaure maka kai, ka gwada shi da littattafanka biyu, sa'annan ka bayyana a aikinka bugun da ka bi da dalilinka.