Amsa: manhajar shago tana faɗuwa da la'asar

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Manhajar nan da ka rubuta da C# don shagonku na Aboabo, wadda ka ce da safe lafiya lau amma zuwa la'asar sai ta kawo "Error creating window handle" ta mutu, don Allah kar ka je kasuwar Kejetia ɓata sidi wajen ƙara RAM, ba nan matsalar take ba.

Handul lamba ce da Windows yake ba kowane abu da manhaja ta ƙirƙira don ya riƙa gane shi. Handul 10,000 na USER (na tagogi da botin) yake ba kowace manhaja, na GDI (na kayan zane) ma haka, in sun ƙare sai ta kawo wannan saƙon, kuma kowane botin da akwatin rubutu da ka ƙirƙira sai ya ci nasa. Ni zargina yana kan jerin kayan nan da kake sake ginawa duk lokacin da aka yi ciniki, in Controls.Clear() kake kira to daga fuska kawai yake cire su, ba ya kashe su, suna nan a ɓoye riƙe da handul ɗinsu, mai kwashe shara na .NET (garbage collector, mai share abubuwan da manhaja ta daina amfani da su) kuma ba zai taɓa su ba.

Buɗe Task Manager, shiga Details, ƙara layin USER objects da GDI objects, yi ciniki kaɗan ka zuba wa lambar ido. In hawa take ba sauka, ka kama ɓarawon.

Maimakon Controls.Clear(), ka kira Dispose() kan kowane botin da akwatin rubutu don ya saki handul ɗinsa, amma fara daga ƙarshen jerin ka dawo baya, don kowanne yana fita daga jerin yayin da ka kashe shi, in ka fara daga farko sai ka tsallake wasu ba ka sani ba. Bitmap da Pen na wucin gadi kuma sa su cikin using, shi zai kira musu Dispose() da kansa. Gaskiya in ni ne, DataGridView ɗaya (jadawali mai nuna dukkan jerin kayan) zan sa in huta da ƙirƙirar botin ɗari-ɗari.