Amsa ga mai tambaya kan jirgin katakon nan na Melaka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da zuwa Malesiya, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ga tambayarka kan wannan katafaren jirgin katakon da ka gani a hoto a Melaka, ko ya kai a ce ka kwashi iyali tun daga Kuala Lumpur ku je, ko kuwa wurin ɗaukar hoto ne kawai. Ni dai shawarata ku je, amma dan Allah ka san labarin jirgin tun daga gida, don in ba haka ba minti ashirin za ku yi ku fito yara suna kukan zafi kai kuma kana tunanin kuɗin mota.

Hanya ba wuya, ka hau bas a tashar TBS da ke Kuala Lumpur zuwa Melaka Sentral, wajen awa biyu ne in ba cunkoso, daga nan sai ka kira Grab, wato tasin da ake kira ta manhajar waya. Ku yi sammako, kuma in da hali ku kauce wa Asabar da Lahadi. Sunan wurin Muzium Samudera, yana nan bakin kogin Melaka, a 1994 aka buɗe shi. Jirgin a tudu yake ba a kan ruwa ba, kuma ba na asali ba ne, kwaikwayon wani jirgin Turawan Fotugal ne mai suna Flor de la Mar. Lokacin da muka je sai da muka cire takalma kafin mu shiga, katakon sama kuwa in rana ta take ƙuna yake a tafin ƙafa, don haka a sa wa yara safa. Matakalar ciki a tsaye take sosai, in madam na da goyo ku bi a sannu. Cikinsa an gyara shi kamar gidan tarihi ne, akwai tsofaffin taswirori da ƙananan samfurin jirage da tsabar kuɗin da da zanen yadda tashar take a zamanin sarakuna, to kada ka zata za ka ga ainihin matsin da mutanen suka zauna a ciki. Amma ka sauka can ƙasa inda ba iska ka ɗan tsaya, ka tuna cewa mutane ɗaruruwa ne suke wata da watanni a irin wannan wuri daga Lisbon su zagayo Afirka ta ƙasa, ruwan sha ya yi wari a ganga, dasashi ya kumbura haƙora su zube saboda rashin ɗanyen abinci.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wannan jirgi da ake ta hoto a gabansa shi ne jirgin waɗanda suka ci garin da yaƙi. Melaka kafin zuwansu masarautar Musulmi ce, kuma kasuwa ce da babu kamarta a wannan yanki. Iskar damina ce ke kawo fatake daga Gujarat da ƙasar Larabawa, in ta juya ta kawo na Sin, to dole kowa ya yada zango a nan ya jira iskar komawa gida. Atamfar Indiya, siliki da tangaran na Sin, masoro daga Sumatra, gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Banda, kanumfari daga Maluku, wanda a lokacin duk duniya can kaɗai yake fitowa. Sarki ya naɗa shugabannin tasha har huɗu, kowanne da baƙin da yake kula da su, kusan yadda maigida yake sauke fatake a zango ya tsaya musu a ciniki. Ka biya haraji ka yi kasuwancinka, ko kai waye.

Fotugal ba su da hajar da mutanen nan ke buƙata sosai, abin da suke da shi igwa ce. Sun fara leƙowa a 1509 aka samu saɓani aka kama musu mutane, sai kwamandansu Afonso de Albuquerque ya zo a 1511 da jirage da sojoji dubu da 'yan kai, a watan Agusta garin ya faɗi, Sultan Mahmud Shah ya gudu. Suka rushe babban masallaci suka gina ganuwarsu A Famosa da duwatsunsa da na kaburburan sarakuna. Wallahi da na tsaya a ƙofar da ta rage ta ganuwar nan, ba nisa da jirgin ana zuwa a ƙafa, sai da jikina ya yi sanyi. Bayan haka suka ce duk jirgin da zai ratsa teku sai ya sayi takardar izini a hannunsu, wanda ba shi da ita a ƙwace kayansa. Fataken Musulmi da yawa sai suka karkata zuwa Aceh da Johor da Brunei, Melaka ba ta sake komawa yadda take ba. Holan suka ƙwace ta a 1641, sannan ta koma hannun Ingila a 1824.

Shi kansa jirgin an gina shi ne a Lisbon a 1502, kuma tun tafiyarsa ta farko ya nuna yana yoyo in an cika masa kaya, har sai da ya yi watanni a Mozambik ana gyara. Duk da haka ya yi yaƙin Diu a 1509 da cin Goa a 1510, duka a gaɓar Indiya. Jirgin nan ne Albuquerque ya loda wa ganimar fadar Melaka, a ƙarshen 1511 guguwa ta same shi a gaɓar Sumatra ya tarwatse. Albuquerque ya tsira a kan katakan da aka ɗaure, mutane da yawa suka halaka, dukiyar kuma har yau ba a gano ta ba.

Kuma kada ka ɗauka labarin nesa ne da mu. 'Yan'uwanmu na Ghana da ke wannan zaure sun san Elmina, su dai Fotugal ɗin nan ne suka gina ganuwarta a 1482. Sannan kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, da yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldibs ya fito a tekun Indiya, jiragen Turawa ke loda shi a ƙasan jirgi su kai Turai, su sake kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, daga can fatake su hauro da shi arewa. Wannan in ka faɗa wa yara a cikin jirgin za ka ga sun natsu.

In kun fito ku taka zuwa jan ginin Holan wato Stadthuys, ku hau tudun St Paul ku hango mashigin tekun, sannan gidan tarihin fadar sarki yana gindin tudun, shi ma kada ku bari ya wuce ku don can ne za ku ga ɓangaren mutanen garin. Azahar kuma ku yi ta a Masjid Kampung Kling, tsohon masallaci ne na ƙarni na 18. Ku riƙe ruwa da yawa da lema. In kun sa rana ka yi min magana ta akwati in tura maka yadda za ku tsara zagayen a ƙafa.