Tambaya da Amsa: Wa Ya Fi Kowa a Ƙwallon Kwando?

TAMBAYA: Kawu, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanina da yayana. Shi ya ce ba a taɓa yin kamar Michael Jordan ba, ni kuwa na ce LeBron James ne, tunda ya fi kowa tara maki a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Sai ya ce in yi shiru, ai ban ga Jordan ba. Don Allah ka raba mu.

AMSA: Ɗana, gaskiya ne ba ka ga Jordan ba, amma wannan ba hujja ba ce, don shi ma yayan naka akwai gwanayen da bai gani ba. Ni na fara ganin Jordan a kaset ɗin bidiyo, a wani shago kusa da Ƙofar Soro, wajajen 1992, lokacin ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a nan Katsina. Kaset ɗin kan iso daga Kano wata biyu ko uku bayan an yi wasan. Mun riga mun san wanda ya ci, amma sai mu cika shagon, wasu ma a tsaye a bakin ƙofa.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. LeBron ya shiga NBA a 2003 yana ɗan shekara 18, daga sakandare kai tsaye. Ranar 7 ga Fabrairu 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, adadin da ya daɗe a tsaye har mutane suka ɗauka ba mai taɓa shi, a Maris 2024 kuma ya haura 40,000. Ya je wasan ƙarshe sau goma, takwas daga ciki a jere, daga 2011 zuwa 2018. Ya ɗauki kofi huɗu da ƙungiyoyi uku: Miami a 2012 da 2013, Cleveland a 2016, Lakers a 2020. Na 2016 ɗin nan ban manta shi ba, don na hana idona barci har asuba saboda shi. Golden State ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar, ta kuma yi gaba da Cleveland da ci uku da ɗaya a wasan ƙarshe, inda ake karawa har sau bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya ɗauki kofi, saura guda ta ɗaga kofi. LeBron ya juya abin, suka ci uku a jere. Kafin nan babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami a wasan ƙarshe. Kuma ya daɗe a fili har ɗan cikinsa, Bronny, ya zo ya tarar da shi suka buga tare a Oktoba 2024. Duk wanda ya raina wannan bai san wahalar da gwiwa da ƙugu ke sha a wasan nan ba.

To amma ni Jordan na zaɓa, ga dalilina. Tarin maki yana nuna daɗewa da lafiya. Jordan kaka 15 kawai ya buga, amma idan aka raba makinsa da yawan wasanninsa, maki 30.1 yake ci a kowane wasa, babu wanda ya fi shi. Sau goma yana zama wanda ya fi kowa maki a kaka. A 1988 ya fi kowa jefa ƙwallo, kuma a shekarar aka ba shi kyautar gwanin tsaro. Wato wanda ya fi damun ka a kwandonka shi ne kuma ya fi hana ka sakat a nasa. Ya je wasan ƙarshe sau shida da ƙungiyarsa Chicago Bulls, 1991 zuwa 1993, sai 1996 zuwa 1998, ya ci duka shida, kuma kowane karo shi ne gwarzo. Ko sau ɗaya ba a kai shi wasa na bakwai ba. LeBron kuwa a zuwa goma ya faɗi shida. Na 2007 ba na ganin laifinsa, yaro ne ɗan shekara 22 ya goya raunanniyar ƙungiya. Amma na 2011, da Dallas ta doke su alhali yana tare da Dwyane Wade da Chris Bosh, ya yi sanyi a lokacin da aka fi buƙatarsa. Irin wannan sanyin ban taɓa ganin sa a jikin Jordan ba.

Sai dai ka gaya wa yayanka kada ya dogara da ƙirga kofi kaɗai. Robert Horry yana da bakwai, ya fi Jordan da ɗaya, kuma ba mai sa shi a wannan sahu. Shi kansa Jordan sai a kakarsa ta bakwai ya ɗaga kofi. Shekara uku a jere, 1988 zuwa 1990, Detroit na fitar da shi, sai da Scottie Pippen ya ƙosa, koci Phil Jackson ya zauna daram, sannan abin ya yiwu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan tambayar ita ce wa ya fi daɗewa yana ƙoli, kai ka yi gaskiya. Idan kuwa wasa ɗaya ne ya rage, aka ce in zaɓi mutum ɗaya in danƙa masa ƙwallo, Jordan zan miƙa wa ba tare da na waiwaya ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a Daura. Maigidana kullum yana gaya wa yaranmu cewa Hakeem Olajuwon ya fi kowa. Son kai ne don ɗan Najeriya ne kuma Musulmi, ko akwai ƙamshin gaskiya?

AMSA: Malama, ki gaishe min da maigidan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni ma Hakeem na da wani matsayi a zuciyata da babu ɗan wasan da ya kai. Ban sa shi na ɗaya ba, amma yana cikin goman farko a wurina, kuma zan iya kare wannan a gaban kowa.

An haife shi a Legas a 1963. Yana yaro gola yake tsarewa a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi ya fara taɓa ƙwallon kwando. Wannan tashin nasa shi ya ba shi ƙafar da ba a saba gani a jikin dogon mutum ba. Zai juya wa mai tsaronsa baya, ya yi kamar zai bi dama, ya karkata hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mutum ya yi tsalle a banza, shi kuwa ya sulale ta ƙarƙashinsa. Daga baya Kobe Bryant da LeBron duk sun je wurinsa koyon wannan taku. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi Houston ta ɗauka na farko, Jordan na uku, kuma har yau ba a cika jin mai cewa Houston ta yi kuskure ba.

A 1994 ya haɗa abu uku a kaka ɗaya: gwarzon shekara, gwanin tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe. Ina tuna makon sarai. Ranar 21 ga Yuni Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, aka lallasa Bulgeriya uku da nema a Dallas, garin Katsina ya kaure da murna. Washegari, a jihar Texas ɗin dai, Hakeem ya doke New York a wasa na bakwai ya ɗaga kofi a Houston. Mu 'yan tsiraru da muka san zancen muka yi ta gaya wa mutane, amma hankalin kowa na kan Yekini.

Masu rage masa daraja sukan ce ai Jordan ba ya nan, ya bar ƙwallon kwando ya koma wasan baseball bayan an kashe mahaifinsa a 1993. Wannan gaskiya ne a 1994. A 1995 kuwa Jordan ya dawo tun watan Maris, Orlando ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, sannan Hakeem ya share Orlando ɗin huɗu ba ko ɗaya. Kafin nan ya bi ta kan David Robinson, wanda aka ba gwarzon shekarar. Har yanzu Hakeem ke riƙe da tarihin kaɗe ƙwallo kafin ta kai kwando, sau 3,830.

Abin da nake so ki faɗa wa yaran shi ne azuminsa. Ramadan na 1995 ya faɗo a Fabrairu, Hakeem bai ajiye azumi ba, kuma shi aka zaɓa gwarzon wannan wata a NBA baki ɗaya. Na sha ba ɗalibaina labarin nan idan suka ce azumi ya hana su fitowa atisaye da la'asar sakaliya. Wasu na jin haushin ya buga wa Amurka a Olamfik na 1996, ni ma na so a ce rigar Najeriya ya sa, amma wannan bai goge ko ɗaya daga abin da ya yi ba.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne mai ritaya a Sabon Layi, na yi karatu a Amurka a shekarun 1970. Me ya sa yaran yanzu ba sa ambaton Kareem da Bill Russell da Wilt Chamberlain?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ba ya yawo a waya, yaran yanzu ba sa lissafa shi. Kamar dai 'yan kallon dambe ne da ba su ga Shago ba, sai labari.

Wilt ya jefa maki 100 a wasa ɗaya ranar 2 ga Maris 1962, kuma a kakar nan maki 50.4 yake ci a kowane wasa, amma kofi biyu kawai ya samu, don Russell ya tare masa hanya. Russell ya ɗauki kofi 11 cikin kaka 13 da Boston, biyu na ƙarshe yana ɗan wasa yana koci, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a NBA. Ana cewa ƙungiyoyi takwas ne kacal a farkon zamaninsa, haka ne. Amma a lokacin ba a ma rubuta yawan ƙwallon da mutum ya kaɗe, sai a 1973 aka fara, don haka babban aikinsa bai shiga littafi ba.

Kareem ne aka fi zalunta. Gwarzon shekara sau shida, babu wanda ya kai shi, Jordan biyar gare shi, LeBron huɗu. Kofi shida, na farko da Milwaukee a 1971, shekarar da ya bayyana sunansa na Musulunci, na ƙarshe da Lakers a 1988 yana da shekara 41. Jifar nan tasa ta saman kai, da hannu ɗaya kamar ƙugiya, kusan ba ta taruwa. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku maimakon biyu, bai zo ba sai 1979, kuma a cikin makinsa 38,387 ƙwallo ɗaya tak ya jefa daga bayan layin. Stephen Curry kuwa 402 ya jefa a kaka ɗaya. A lissafina, Baba, Jordan ne na ɗaya, LeBron na biyu, Kareem na uku, Russell na huɗu, kuma tsakanin na biyu da na uku nakan canza ra'ayi idan na sake kallon tsofaffin wasannin. Tunda kun zauna can a zamaninsa, ina roƙon ku rubuto mana abin da kuka gani da idonku, zan sa shi a wannan fili a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.