Shin 'Ya'yan Zogale Na Cire Gubar Dalma Daga Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan famfo ya ɗauke, 'yan garuwa kan kawo mana ruwa jajawur, wai daga kogin Kubanni. Maƙwabciyata ta ce in daka 'ya'yan zogale in zuba, za su cire kowace guba, har da dalma. Gaskiya ne? Ina da goyo.
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya, amma ta ɗora wa zogale kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ƙwayar zogale na ɗauke da wani sinadari mai janyo laka ta dunƙule ta kwanta, irin aikin da alif ke yi. Matan karkara a Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da ita. Ki samu busassun 'ya'ya, ki ɓare, ki daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya ɗaya ta ishi lita ɗaya, biyu idan ruwan ya yi kauri. Ki dama a kofi, ki juye a bokiti, ki juya da ƙarfi, sannan a hankali, ki bar shi awa 1 zuwa 2. Za ki ga jan ya sauka gindin bokiti. Ki tsiyaye na sama, ki tafasa, a sha a ranar, don in ya kwana yakan yi wari.

Dalma ce ke tayar min da hankali. Abin da ya maƙale a laka yakan sauka tare da ita, kuma a ɗakin gwaji zogale ya rage dalma. Amma wadda ta narke ba ta fita duka, ba ta da launi balle ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta cire ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyaka a miligiram 0.01 cikin lita guda, ido ba zai gane wannan ba. Kin tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa.

Kubanni na kwasar kwatamin gari da dattin garejin makanikai. Don Allah kada ki dama wa goyonki koko da ruwansa, ko da an tace da zogale, ki nemi ruwan da aka gwada. Ku haɗu a unguwa ku kai samfur Jami'ar Ahmadu Bello ko NARICT, cibiyar binciken sinadarai da ke Basawa, ku nemi a auna. Lakar da ta kwanta kuwa, a binne ta nesa da rijiya da lambu, inda yara da kaji ba za su tona ba.