Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Shiga Tsakanin Maganin Ƙwayoyin Cuta da Nono?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta mini Ciprofloxacin mai miligiram 500, safe da yamma, saboda cutar mafitsara. Mai ba da magani ya ce kada in sha shi da fura da nono, kuma in raba shi da maganin ƙarin jini da nake sha. Wannan gaskiya ne ko camfi? — Wata 'yar'uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba camfi ba ne, kuma wanda ya gaya miki ya yi miki gata. A jikin sinadarin wannan magani, wanda aka fi sani da sifro, akwai wani gefe da atam biyu na oksijin suke zaune dab da juna. Wannan gefen yana damƙe ƙarfe kamar awartakin maƙeri, kuma da shi maganin yake kashe cuta. Bakteriya, wato ƙwayar cutar, tana da wani enzayim, sinadarin da ke gudanar da aiki a jikinta, da ke yanka zaren gadonta na DNA, ya sassauta murɗewarsa, ya sake haɗe shi. Sifro yana kutsawa daidai wurin yankan, ya riƙe atam ɗaya na magnesiyam, shi kuma magnesiyam ɗin ya manne shi da enzayim ɗin. Zaren ya kasa haɗuwa, ƙwayar cutar ta mutu.

To, wannan gefen ba ya zaɓe. Idan tun a ciki ya ci karo da kalsiyam na nono, ko sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini, ko magnesiyam da alminiyam na farin ruwan nan na gyambon ciki, ko zink, nan take zai kama su. Abin da suka haɗu suka zama ba ya ratsa bangon hanji yadda ya kamata, sai ya bi bayan gida ya fita. Nono ko madara kaɗai kan rage abin da ke shiga jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Maganin ƙarin jini yana cinye fiye da rabi. Na gyambon ciki ya fi muni, don yana iya kaiwa kashi 90 cikin 100. Ke kin sha magani, amma abin da ya isa mafitsara bai kai ya kashe cutar ba, sai ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

Ƙa'idar ita ce ki sha sifro awa 2 kafin waɗannan abubuwa, ko awa 6 bayansu. Idan kina sha ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma, furarki da maganin ƙarin jininki su faɗo tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana. Tuwo da miya ba su da matsala. Ki yawaita shan ruwa, kuma idan kina da juna biyu ki sanar da likita kafin ki fara, don akasari ana canza wa masu ciki magani.

Tetarasaikilin, kafson nan ja da yalo, shi ma haka yake kama kalsiyam, har ya fi. Shi ya sa ake hana shi ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 8: yana bin kalsiyam har cikin haƙoran da ke tsirowa ya rina su, kuma rinin ba ya goguwa. Amoksisilin kuwa ba ruwansa da nono.

TAMBAYA: Me ya sa ake sayar da ruwan amoksisilin na yara a matsayin gari, sai an kai gida a zuba ruwa? An ce mini in zubar da ragowar bayan kwana 7, alhali kwali ya nuna saura shekara guda ya lalace. Ba asarar kuɗi ba ce? — Wani magidanci daga Katsina

AMSA: Malam, ranar da ke jikin kwali ta busasshen gari ce. Daga lokacin da ruwa ya taɓa shi, lissafi ya canza.

Duk dangin fenisilin suna ɗauke da wani ƙaramin zobe mai kusurwa huɗu, atam uku na kabon da ɗaya na naitirojin. Dorothy Hodgkin ce ta tabbatar da siffarsa a Oxford a 1945, ta hanyar haska lu'ulu'un maganin da hasken eksire, bayan manyan masana sun daɗe suna gardama a kai. Zoben a takure yake, kullum neman buɗewa yake yi. A 1965 wasu masana biyu, Tipper da Strominger, suka bayyana amfanin hakan: siffar fenisilin ta yi kama da guntun da bakteriya ke amfani da shi wajen ɗaure bangonta. Enzayim ɗin da ke wannan ɗauri sai ya ɗauki maganin bisa kuskure, zoben ya buɗe ya liƙe masa, liƙewar da ba ta saki da sauƙi. Bango ya yi rauni, ƙwayar ta fashe.

Ruwa ma yana buɗe zoben, sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Zoben da ya riga ya buɗe a kwalba ba shi da abin da zai yi wa cuta. Ruwan zai ci gaba da zaƙinsa da ƙanshinsa, amma ƙarfin yana zubewa kowace rana.

Mai haɗin kilabulanik, irin su Augmentin, ya fi rauni. Wasu ƙwayoyin cuta suna fitar da enzayim da ke fasa zoben tun kafin ya kai gare su, to shi kilabulanik aikinsa ya tare wannan enzayim ya kashe shi, amoksisilin ya wuce. A ƙwaya mai 625, miligiram 500 amoksisilin ne, 125 kilabulanik. Kilabulanik ɗin ne ke fara lalacewa da zarar an jiƙa, don haka dole ruwan maganin ya zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a wurin ƙanƙara ba. Idan ka ga ruwan ya koma rawaya mai duhu ko ruwan ƙasa, ya tashi daga aiki.

Wajen haɗawa, ka fara bubbuga kwalbar garin ya saki. Ka tafasa ruwa ka bar shi ya huce sarai, don ruwan ɗumi ɓarna yake yi. Ka zuba kamar rabi, ka girgiza, ka jira kumfa ta kwanta, sannan ka cika zuwa layin da ke jikin kwalba. Wuce layi yana tsarma maganin, yaro ya riƙa samun ƙasa da rabonsa. Ka rubuta ranar a kwali, ka bi adadin kwanakin da takardar ta faɗa. Inda wuta ba ta zama, muna ba da shawarar ka tambayi likita ƙwayar amoksisilin mai narkewa ta miligiram 250, wadda ake jiƙawa a cokali lokacin da za a ba yaro. Ita ba ta buƙatar firji.

TAMBAYA: Ina da kemis. Yaya ake gane kafso na jabu a ɗakin gwaje-gwaje, tunda ido ba ya rabewa? — Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Ɗan'uwa, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko bai cika inganci ba, kuma magungunan ƙwayoyin cuta da na zazzaɓin cizon sauro ne aka fi kawo ƙararsu. Mai gwaji yana son sanin ko sinadarin na nan, nawa ne, kuma zai narke a ciki ko ba zai narke ba.

Na'urar hannu ta TruScan, wadda NAFDAC ta yi amfani da ita a kasuwanni, tana haska leza a kan ƙwaya ta kwatanta abin da ya dawo da na magani na asali. Tana kama wanda aka cika da alli ko sitaci cikin daƙiƙu, amma tana da rauni wajen gano wanda aka rage wa sinadari. Akwatin Minilab ya ɗan fi zurfi. Ana narkar da maganin, a ɗiga a kan farantin silika kusa da ɗigo biyu na asali, ɗaya mai ƙarfin kashi 100, ɗaya mai 80. A tsayar da farantin a kwalba mai sinadarin da zai hau shi, a busar, a duba a ƙarƙashin fitila mai hasken nanomita 254. Idan tabon bai hau daidai da na asali ba, wani abu ne daban. Idan ya fi na 80 dusashewa, an rage.

Hukunci na ƙarshe na HPLC ne, injin da ke rarrabe sinadaran da ke cikin magani. Ana auna ƙwaya 20, a niƙa, a ɗebi gwargwado, a narkar, a tace da matata mai ramin maikiron 0.45, a tura ɗigo cikin siririn bututu mai cike da silika. Kowane sinadari yana maƙalewa gwargwadon halinsa, don haka kowa da lokacin fitowarsa. Lokacin ne ke faɗin ko wane ne, girman tudun da injin ya zana kuma ya faɗi yawansa. Ma'aunin magunguna na Amurka ya yarda da kashi 90 zuwa 110 na adadin da aka rubuta a kwali ga ƙwayar sifro, 90 zuwa 120 ga kafson amoksisilin.

Kuskure ya fi aukuwa a lissafi. Amoksisilin na cikin kafso yana riƙe da ruwa a jikinsa, har sai an auna miligiram 574 kafin a sami 500 na ainihi. Wanda ya manta da wannan zai kauce da kusan kashi 15. Haka kuma auna yawan hasken da narkakken magani ke sha kaɗai ba ya raba lafiyayyen amoksisilin da wanda zobensa ya buɗe, don dukansu suna shan hasken. Da wannan hanya lalataccen magani zai iya cin jarrabawa, abin da ba zai yiwu a HPLC ba.

Sai gwajin narkewa: a jefa ƙwayar sifro cikin mililita 900 na ruwa mai tsami irin na ciki, a digiri 37, filafili na juyawa sau 50 a minti. Ana son a ƙalla kashi 80 ya narke cikin minti 30. Ƙwayar da aka matse da yawa a masana'anta za ta iya cika awo amma ta faɗi a nan.

A shagonka, ka saya daga dillali mai rajista, ka ajiye rasit, ka duba cewa lambar rukuni da ranar lalacewa a kwali sun yi daidai da na jikin katin ƙwayoyin. Ka kankare wurin tantancewa ka tura lambar ta saƙon waya, tsarin da NAFDAC ta fara a 2010. Zafin shago kada ya wuce abin da kwali ya faɗa, wanda akasari digiri 30 ne. Shago mai rufin kwano ba silin yana wuce haka nesa a watan Afrilu, don haka ka sauke katon-katon daga saman kanta, ka nisanta su da bangon da rana ke duka, kuma kada ka tara hajar da za ta kwana har bazara ta wuce.